Harajin Albashi Ba Zakkar Gero Ba Ne

Goronyo, Litinin, 6 ga Afrilu, 2026

Zuwa ga Gwaggo Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da 'yan matan da kike koya wa lissafi a Rabah. Ya zafi? Mu nan lafiya lau, sai dai matata Mahbuba da ke fama da laulayi. Ko warin albasa ba ta son ji, ni kuwa kullum da shi nake komawa gida. Wayata ta faɗa ruwa a fadama, tana wurin mai gyara, shi ya sa na ba Sa'adu direba wannan takarda.

Gwaggo, tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a farkon shekarar nan, magana ɗaya ake yi a kowace majalisa: wai ƙarin albashi tarko ne, in aka ƙara maka, gwamnati za ta kwashe ƙarin har ta haɗa da naka na da. Da ina jin ta ne kawai ina wucewa. Yanzu ta iso ƙofata.

Kin san ina aikin awo a ƙungiyar manoman albasa ta nan, ana ba ni naira 65,000 a wata. To wani kamfanin irin shuka da ke Wurno ya kira ni aikin malamin gona, aikin da na yi wa karatu shekara biyu. Albashi naira 75,000. Sun ce in ba su amsa kafin Juma'a, 17 ga wata.

Na je Lahodu na gaya wa Baba. Ya sa na karanta masa abin da ake cewa: wanda bai wuce naira 800,000 a shekara ba, ba ya biyan komai, wanda ya wuce yana biyan kashi goma sha biyar cikin ɗari. Baba ya yi murmushi ya ce, “Ai wanga nisabi na. In gero bai kai nisabi ba, babu zakka. In ya kai, duka a ka hidda wa, ba a cewa damman hwarko nau na. Zamna ƙasan nisabi, yaro.”

Na buga lissafin. Yanzu ina samun 780,000 a shekara, ban kai ba. Can zan samu 900,000, na wuce. Kashi goma sha biyar na 75,000 shi ne 11,250. Abin da zai rage mini 63,750, ƙasa da abin da nake karɓa yau. Ke nan in tashi da mace mai ciki in canza gari don in yi asara?

Raina yana son aikin nan, Gwaggo. Mi kika gani?

Ɗanki,
Nasrullahi

*

Rabah, Laraba, 8 ga Afrilu, 2026

Ɗana Nasrullahi,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni a ɗakin malamai, ina tsakiyar duba jarabawar 'yan aji biyar, sai da na yi guɗa malaman suka ɗago kai. Malamin gona! Allah ya sa albarka. Muna lafiya, in ban da gwiwar Malam da ke tashi lokaci-lokaci. Ka ce wa Mahbuba ina yi mata sannu, ta riƙa shan ruwa da yawa a zafin nan, kai kuma ka riƙa tuɓe rigar aiki a zaure kafin ka shiga mata ɗaki.

Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke. Yawancin mutane sai sun faɗa rijiya suke tambayar zurfinta.

Bari in fara da taubashina, Babanka Yari. Duk tsiyar da nake yi masa, ban taɓa raina saninsa a kan zakka ba. Tun muna yara shi ke tsayawa a bakin rumbun kakanmu yana ƙirga damma, ya ware ɗaya cikin goma na geron damina, ya kuma san cewa abin da aka sha wahalar ban ruwa rabin haka ake fitarwa. Abin da ya gaya maka game da nisabi haka yake a littafi: in amfanin gona ya kai, a kan dukkansa ake fitar da zakka.

Alƙaluman da ka karanta masa su ma na gaskiya ne. Na duba dokar da kaina. Naira 800,000 a shekara babu haraji a kanta, kuma matakin da ke biye kashi goma sha biyar ne cikin ɗari. Na bi lissafinka da biro, ban samu kuskure a ninkawarka ko ɗebewarka ba. Kashi goma sha biyar na 75,000 lallai 11,250 ne. Ashe karatun da na yi maka a tsakar gida bai zube ba.

*

Goronyo, Lahadi, 12 ga Afrilu, 2026

Gwaggo Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam, Allah ya ba shi sauƙin gwiwa. Mahbuba ta gode, ta ce maganar rigar nan ita ce shawara mafi amfani da aka ba ni tun da muka yi aure.

Takardarki ta zo jiya, shafi guda, babu ko sa hannu. Na ce aikin jarabawa ne ya yi miki yawa. Amma na fahimta. Baba ya yi daidai, alƙaluman daidai ne, lissafina ma daidai ne. To magana ta ƙare.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fatan ki ce na yi kuskure. Ban taɓa jin baƙin cikin cin lissafi ba sai wannan karon. Na riga na hango kaina a gonakin Wurno ina nuna wa manoma tazarar dashe da awon taki, maimakon in wuni ina ɗora buhu a sikeli ina rubuta lamba. Amma mai jiran haihuwa ba ya wasa da abin cefane.

Na rubuta wa manajansu, Malam Musaddiq, takardar godiya da ban haƙuri. Ranar Alhamis zan kai masa. Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ɗanki,
Nasrullahi

*

Rabah, Talata, 14 ga Afrilu, 2026

Nasrullahi,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan yau, ka yi haƙuri. Na ɗauki hayar ɗan kabu-kabu musamman don ya damƙa maka wannan hannu da hannu. Kada ka kai takardar nan Wurno!

Laifina ne. Wasiƙata shafi biyu ce. Da na karanta amsarka sai na zazzage jakata, na tarar da shafi na biyu a maƙale cikin takardun jarabawar wata yarinya. Na aiko maka da yabo, na riƙe maganin. Amma kai ma, ɗana, yaushe ka taɓa ganin na rufe magana ban ce “amma” ba?

To ga “amma” ɗin. Ninkawarka daidai ce, sai dai ka ninka abin da ba shi aka ce ka ninka ba. Babanka ya auna haraji da mudun zakka, kuma duk wanda ya tashi a bakin rumbu haka zai fara yi, don shi ne awon da muka sani. Amma harajin albashi ba haka aka gina shi ba. Hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da nasa kason, wanda ba ya komawa baya ya taɓa na ƙasa da shi.

Naira 800,000 ta farko a shekara taka ce, ba a taɓa ta. Ko albashinka ya kai miliyan goma, wannan ta farkon tana nan ba haraji. Abin da ya hau kanta, har zuwa miliyan uku, shi kaɗai ake cire wa kashi goma sha biyar. Abin da ya haura miliyan uku, har zuwa miliyan goma sha biyu, kashi goma sha takwas, shi ma a kan abin da ya haura ɗin kawai. Haka ake ta hawa. Saboda haka tsallake wani mataki ba ya sa a koma a yanki abin da ke ƙasa.

Ɗauki biro mu yi naka tare. Albashin shekara 900,000. Ware 800,000 gefe. Saura nawa? Dubu ɗari. Kashi goma sha biyar na dubu ɗari, 15,000 ne a shekara. Raba shi gida goma sha biyu: naira 1,250 a wata. Ba 11,250 ba. Kana shirin ƙin aikin da ka yi wa karatu saboda dubu goma da babu wanda ya ce zai karɓa.

Ban gama ba. Kafin a buga harajin ma, doka ta yarda a fara cire wasu abubuwa daga albashin. Na farko kuɗin fansho, kashi takwas cikin ɗari da ake ajiye maka, kamfani kuma ya ƙara nasa kashi goma a kai. In a kan dukan albashinka suka lissafa, 6,000 ne a wata. Za ka ga ya fita daga hannunka, to kada ka kira shi haraji. Naka ne, rumbun tsufanka ne. Na biyu kuɗin haya: ana rage maka kashi ashirin cikin ɗari na hayar da kake biya a shekara daga abin da za a yi wa haraji, muddin ragin bai wuce 500,000 ba. Amma sai ka bayyana, ka kuma nuna shaida. In ka kama gida a Wurno, ka sa mai gidan ya rubuta maka rasit, ko da zai ce “haba, tsakaninmu?” Ka ce masa e, tsakaninmu.

Kamfanin ne zai riƙa cire harajin duk wata ya miƙa wa hukumar haraji ta jiha. Kai naka shi ne ka karɓi takardar albashi, ka karanta ta layi-layi, ka adana.

Gaskiya guda kuma: bayan fansho da haraji, abin da zai shigo hannunka zai ɗara na yanzu da 'yan dubbai ne kawai, ba za ka sayi mota ba. Ƙaura ma tana da nata ci. Wannan kai da Mahbuba za ku auna. In kun ƙi aikin don wani dalili, ba ni da ta cewa. Amma ban yarda ka ƙi shi don lissafin da ba haka yake ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Babanka ya ce ka zauna. Kada ka tsallake maganarsa ka wuce Wurno don Hassana ta ce. Ka bi ta Lahodu, ka zauna a gabansa, ka nuna masa har ya gani da idonsa. Mutum ne mai son gaskiyar awo. In ya gani, da kansa zai sallame ka.

Gwaggonka,
Hassana

*

Goronyo, Asabar, 18 ga Afrilu, 2026

Gwaggo Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Muna lafiya, Mahbuba ta fara cin tuwo.

Ɗan kabu-kabunki ya same ni a bakin sikeli ranar Talata da la'asar. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Sannan na dafe kai, domin akwai abin da ba ki sani ba: ban jira Alhamis ba. A safiyar ranar wani abokina zai shiga Wurno, na ba shi takardar ban haƙurin, na ce gara a gama da ita in huta.

Na so in kama hanyar Wurno nan take. Mahbuba ta ce, “Gwaggo ta ce Lahodu tukuna. Takarda ta riga ta tafi, gudu ba zai dawo da ita ba.”

Ranar Laraba babu wanda zai riƙe mini sikeli, sai Alhamis na isa Lahodu. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran kalmensa na noma. Na fara karanta masa wasiƙarki, ya ɗaga hannu.

“Wanga lissahin Hassana na? Wadda ta ɓadda rabin takarda?”

Na ga karatu ba zai yi ba. Sai na kwance tsarabar da na kawo, na jera albasa tara a kan tabarma. Na ce, “Baba, kowace guda dubu ɗari ce. Ga albashina na shekara.” Na tura takwas gabansa na ce waɗannan ba a taɓa su. Na ɗauki ta tara, na ari wuƙarsa, na yanke ɗan gefe, bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Na ajiye shi shi kaɗai.

Baba ya dubi takwas ɗin, ya dubi ɗan yankin.

“Mi kac ce? Ko anka kai tara, takwas ɗin ga ba a komo musu?”

“Ba a komawa, Baba.”

“In anka kai ashirin hwa?”

“Suna nan dai. Na sama kaɗai ake yanka.”

Ya ɗauki ɗan yankin ya jujjuya shi a tafin hannu. Can ya ce, “To wagga ba zakka ta ba. Ni na auna da mudun da ba nata ba.” Ya miƙo mini wuƙar in goge. “Tashi ka tahi. Kuma ka hwaɗa ma Hassana ban ce ta hi ni ba, cewa niy yi ta yi daidai yau.”

Na kwana a gidan Baba, na isa Wurno ranar Juma'a da hantsi. Takardata tana kan teburin Malam Musaddiq, a buɗe, an danne ta da kofin shayi. Ya ce, “A'a, mai ban haƙuri! Ka zo ka ƙara ba mu haƙurin ne?”

Kunya ta kama ni, amma na gaya masa gaskiya tun daga nisabi har albasa tara. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce ni ne na uku da ya ƙi aiki a wurinsu bana saboda wannan magana, sauran biyun ba su dawo ba. Sannan ya daina dariya. Ya ce ya riga ya sa a nemo lambar wanda ke bi na a jerin sunaye, bayan sallar Juma'a zai kira shi. Ya turo mini farar takarda da biro.

“Wanda zai koya wa manoma awon taki, ina son in ga awonsa. Fitar mini da harajinka na wata, da fansho a ciki. Ban da waya.”

Na ce a raina, wayar ma tana wurin mai gyara. Na rubuta 900,000, na cire 72,000 na fansho, saura 828,000. Na ware 800,000. Kashi goma sha biyar na 28,000 ya ba ni 4,200 a shekara, wato naira 350 a wata. Ya kira mai kula da albashinsu ya duba. Mutumin ya ce haka ne.

Malam Musaddiq ya zare takardar ban haƙurina daga ƙarƙashin kofin, ya miƙo mini. Ya ce, “Ban ga wannan ba. Ranar huɗu ga Mayu, ƙarfe takwas.”

Gwaggo, ban san da wane baki zan gode miki ba.

Ɗanki,
Nasrullahi

*

Rabah, Alhamis, 4 ga Yuni, 2026

Ɗana malamin gona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Allah ya ba mu damina mai albarka. Ina gaishe da Mahbuba, ina fatan ta saba da sabon gida da ruwan Wurno. In watanta ya kama ka sanar da ni da wuri, ina da hutu a Agusta.

Saƙonka ya iso tare da kwafin takardar albashinka ta farko. Na ga fansho 6,000, haraji 350, abin da ya shigo hannu 68,650. Na kuma ga tambayoyi biyu da ka rubuta a bayanta. Ka ce ka kama gida a kan naira 120,000 a shekara, ka karɓi rasit amma yana cikin akwati, nawa harajin zai koma in ka kai shi ofis? Ka ce kuma ɗan fegin albasarka na fadamar Goronyo, wanda ka bar wa abokinka ya kula da shi, shi ma da haraji a kansa?

Na biyun zan ba ka hanya. E, abin da mutum ya samu daga sana'a yana haɗuwa da albashinsa a lissafin shekara, kuma shi ke da alhakin bayyana shi. Amma riba ake dubawa, ba ciniki ba. Kuɗin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da ladan 'yan ƙwadago, duk sai an fitar da su tukuna. Wanda bai rubuta abin da ya kashe ba, ranar da aka tambaye shi ba shi da bakin magana. Ka sayi littafi mai layi tun kafin dashen bana. In ka tashi bayyanawa, ka shiga ofishin haraji da ƙafarka ka tambayi yadda ake cike takardar. Tambaya kyauta ce.

Na farkon kuwa, na san amsar, kuma ba zan faɗa ba. Mutumin da ya fitar da harajinsa a gaban manaja, ban da waya, ya wuce a tauna masa. Duk abin da kake buƙata yana hannunka. Ku shimfiɗa tabarma kai da Mahbuba, kowa da takardarsa, kowa ya buga nasa ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba. In amsoshinku sun zo ɗaya, ka ɗauki rasit ka kai ofis ranar Litinin. In sun saɓa, ku sake bugawa, kuma ina ba ka shawara ka fara duba naka.

Gwaggonka,
Hassana